Zaman awa shida a jirgi

Tambaya: Anti, ni 'yar Argungu ce, na samu gurbin karatu a Ingila. Ban taɓa shiga jirgi ba, kuma tikitina na kujerun talakawa ne. Me zan tarar?

Amsa: 'Yata, Allah ya sanya albarka. Daga Abuja zuwa Landan za ki yi awa 6 da wani abu a zaune, gwiwarki na gogar kujerar gaba. Nemi kujerar bakin hanya, don ki riƙa miƙewa kina zagawa ba sai kin tashi kowa ba. Ni ta taga na zaɓa a tafiyata ta farko, na matse fitsari har muka sauka saboda kunya, ƙafafuna suka kumbura takalmi ya ƙi shiga.

Jirgi akwai sanyi kamar hunturun bakin gulbi, ki riƙe rigar sanyi da safa. Kunne zai toshe wajen tashi da sauka. Tauna cingam ko haɗiye yawu. Abincin halal kuwa, tun wajen sayen tikiti ake nemansa.

Turare ko man shafawa a jakar hannu kada ya wuce mililita 100. Kilishin da Inna za ta ƙulla miki, cinye shi a gida, Ingila ba sa barin a shiga da nama.