Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Hoton Ƙwari Yake Fito Mini Dishi-dishi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne daga Funtuwa. Na sayi ɗan gilashin nan da ake maƙala wa waya don ɗaukar ƙananan abubuwa, amma duk na ɗauki fara ko gizo-gizo a gonarmu sai hoton ya fito dishi-dishi, wani lokacin ma kafin in matsa ƙwaron ya tashi. Wayar ce ba ta da kyau, ko sai na nemi babbar kyamara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar kashe kuɗi tukuna. Abin da ke damun ka yana damun mai kyamarar miliyoyi ma, domin matsalar daga kusancin take.

Duk lokacin da ka matsa kusa da abu, wurin da zai fito raɗau a hoton raguwa yake yi. A babbar kyamara mai sensa (farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara) milimita 36 da 24, idan ka kai matakin da masu sana'ar ke kira 1:1, wato girman ƙwaron a kan sensa daidai da girmansa na zahiri, kaurin wurin da ke fitowa tar wajen milimita 1 ne in ƙofar haske, wato ramin da haske ke shiga ta cikin gilashi, tana f/8, ya kai wajen milimita 2 in ka tsuke ta zuwa f/16. Ƙudan gida kuwa tsawonsa ya kai milimita 6 ko 7. Ka ga ke nan in idonsa ya fito, bayansa ya ɓace. Yanzu ka ƙara da numfashinka, da rawar hannu, da iskar da ke kaɗa ganyen waken da ƙwaron ya sauka a kai. Motsin da bai kai kaurin farce ba ya isa ya ɓata hoton.

A nan ma waya tana da wani ɗan rinjaye, saboda sensarta ƙarama ce, wurin da ke fitowa raɗau ya fi faɗi. Sai dai ka lura: kyamarar makro, wato ta ɗaukar ƙananan abubuwa, mai megafiksel 2 da ake saka wa wayoyi masu araha ba ta da wani abin kirki. Gara ka maƙala gilashin naka a kan babbar kyamarar wayar.

Dabarar da ta fi kowace amfani ita ce ka daina barin waya ta nemo saiti da kanta, wato ta zaɓi wurin da zai fito raɗau. Danna allon ka riƙe har saitin ya kulle, sannan kai da kanka ka riƙa matsawa gaba da baya a hankali, kana kallon idon ƙwaron. Da zarar ido ya fito tar, ka saki hotuna a jere. Mafi yawansu zubarwa za ka yi, haka aikin ya gada, ba kasawarka ba ce. In ido ya fito, mai kallo yana yafe sauran. In ido bai fito ba, ko fikafikai sun yi kyau hoton ya mutu. Sannan ka zo wa ƙwaron ta gefe, wayar ta yi layi ɗaya da tsawon jikinsa, ta haka kai da ciki da ƙafa za su shiga cikin siririn wurin nan tare. Kuma ka sauko daidai tsayinsa. Hoton da aka ɗauka daga sama bayan ƙwaro kawai yake nunawa.

Ga maganin iska: kama karan ganyen da yatsun hannun hagu a hankali, ka ɗora gefen wayar a kan wannan hannun. Yanzu in ka motsa, kai da ganyen tare kuke motsawa.

Batun tashinsu kuma, lokaci ne. Ƙwari ba sa samar wa jikinsu ɗumi kamar mu, zafin gari suke jira. Da rana tsaka malam buɗe littafi ba zai tsaya maka ba ko da daƙiƙa biyu, amma ka fita bayan sallar asuba da damina, gari ya fara wayewa, za ka same shi a maƙale da ciyawa, raɓa duk ta jiƙa shi, ba ya ko motsi. A lokacin iska ma a kwance take, hasken kuma mai taushi ne. Kada inuwarka ta faɗa kansa, don wannan ce ke fara korar su, kuma kada ka yi motsi na farat ɗaya.

Ka fara koyo da masu haƙuri. Farar tumfafiya ba ta cika gudu ba, ta san dafin da ta tara daga ganyen ya sa ba mai marmarin ta. Ƙoƙi-ƙoƙi zai tsaya ya juyo da kansa ya kalle ka. Amma ni a wurina ba kamar ɗan ƙaramin gizo-gizon nan mai tsalle da kake gani a bangon ɗaki ko jikin bishiya. Danginsa sun haura iri 6,000 a duniya, ba ya saƙa don kama abinci, farauta yake da ido. Idanunsa takwas ne, biyu na gaba manya-manya, kuma in ka matso yakan juyo ya fuskance ka, wani lokaci har ya dira a kan gilashin. Ba ƙaramin daɗi wannan yake yi wa mai hoto ba.

To, in hali ya samu ka koma babbar kyamara, kada ka fara da gilashi mai tsada. Akwai wani ɗan gilashi, Raynox DCR-250, da ake maƙalawa a gaban gilashin kyamarar, akwai kuma zobban da ake sakawa tsakanin kyamara da gilashi don a iya matsowa kusa. Kuɗin da ya rage ka sa a filasha. A 1:1 hasken da ke isa sensa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, ga shi kuma ka tsuke ƙofa zuwa f/11 ko f/16, don haka hasken rana ba ya isa. Filasha in aka rage ƙarfinta, walƙiyarta ba ta wuce ɗaya cikin dubbai na daƙiƙa, ita ce ke daskarar da motsi. Fara da saurin ɗauka 1/200 na daƙiƙa, ƙofar haske f/11, da ISO 200 (ƙarfin karɓar haske na sensa), sai ka gyara daga nan. Amma filasha tsirara tana ƙona bayan buzuzu da idon ƙuda ya zama farin tabo. Dole a tausasa ta: farar takarda ko farar roba mai laushi, a lanƙwasa ta daga kan filasha zuwa saman bakin gilashi. Gwargwadon faɗinta da kusancinta da ƙwaron, gwargwadon taushin hasken. Fitilar bayan waya ba ta yin wannan aikin, fitila ce kawai, ba ta tsayar da motsi. Kai da ke amfani da waya, hasken safiya da farar takarda a gefe su ne abokan aikinka.

Hotunan da kake gani a intanet, ƙwaro ya fito tar daga gashin baki har wutsiya, galibi hotuna ne da yawa, kowanne da sashen jikin da ya fito tar, aka haɗe da manhaja irin su Helicon Focus. Wasu kuma, abin takaici, a firiji suka sa ƙwaron har ya sandare, ko ma matacce ne. Wannan ban yarda da shi ba, kuma wanda ya san ƙwari yana ganewa daga yadda ƙafafun suka nannaɗe.

Ka kula da kanka a gona. Kada ka taɓa hangara da hannu, ruwan jikinta yana tayar da bororo a fata. Rina da zuma a ba su tazara, musamman kusa da gidansu. Kafin ka durƙusa ko ka ɗaga dutse, duba da kyau saboda kunama da kububuwa, kuma ka sa takalmi sau-ciki, ba silifa ba.