Doki Ko Harawa: Ina Ya Kamata In Zuba Jarina?

Wani ɗan kasuwa daga cikin birnin Kano ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da ɗan shago, ina sayar da dusa da kowar wake da abincin kaji, wani lokaci har da harawa. Unguwarmu akwai masu dawaki da dama, kusan rabin cinikina daga wurinsu ne. Bana Allah ya hore mini naira miliyan 3. Abokina ya ce in sayi doki guda ko biyu in riƙa ba da haya lokacin Sallah da bukukuwa. Wani kuma ya ce in zuba magungunan dabbobi, tunda kullum ana tambayata maganin tsutsa da na kaska, har masu karnukan gadi suna zuwa. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa dukiyar albarka. Ni dai ba zan ba ka shawarar sayen doki da wannan kuɗi ba, kuma ga dalilina.

Ɗauki alƙalami mu ƙirga kwanakin da doki zai kawo maka kuɗi. A Kano akwai Hawan Sallah, da Hawan Daushe, da Hawan Nasarawa, sai Hawan Ɗorayi a Ƙaramar Sallah ko Hawan Fanisau a Babba. Duk ka haɗa Sallolin biyu, da ƙyar su kai kwana 10. Ƙara da kilisar angwaye da naɗin sarauta da saukar karatu, mu yi maka kara mu ce kwana 40 a shekara. Sauran kwana 300 da ɗoriya fa? Yana nan a turke yana ci. Doki mai nauyin kilo 350 yana buƙatar kimanin kilo 7 na busasshen abinci kullum, kuma in zafi ya tsananta zai iya shanye jarka biyu ta ruwa. Kai ka san kuɗin jarka a hannun ɗan garuwa a watan Afrilu. Ga ɗan barga da za ka biya, ga gyaran kofato, ga sirdi da linzami da sauran kayan ado, don ba mai biyan haya ya hau doki tsirara ranar Daushe.

Kwana goman ma ba su da tabbas. A 2020 annobar korona ta hana hawa. A Babbar Sallah ta 2024 da Ƙaramar Sallah ta 2025 'yan sanda sun hana hawa a Kano saboda rikicin masarauta, ga shi kuwa a tsakanin Sallolin nan biyu ne, a Disambar 2024, UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Wanda ya yi wata uku yana ɗura wa doki dawa don ya yi kyau ranar hawa, wa zai biya shi? Sannan ka tuna wanda zai hau. Saurayin da ya biya kuɗin haya so yake ya fanshe kuɗinsa, zai yi ta sukuwa a kan kwalta daga hantsi har la'asar, ya dawo maka da doki yana ɗingishi, sirdi ya ci masa baya. Jinyar kuma taka ce.

Abin da abokinka bai lura da shi ba shi ne, kai ka riga ka zauna a inda kuɗin dawaki ke bi. Ko an yi hawa ko ba a yi ba, sai an ciyar da su, kuma shagonka ake zuwa.

Saboda haka babban kason kuɗin nan, ni da zan so ya tafi ga harawa, a kuma saye ta da kaka. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, in an cire gyaɗa an roro wake, manomi yana neman kuɗi, dami yana araha a ƙauye. Zuwa Maris, daji ya bushe, ciyawa ta ƙare, wanda ya ajiye shi ke faɗin farashi. Wannan kowa ya sani. Abin da ya sa nake ƙara nanata maka shi yanzu, dubi inda Sallah ta dosa. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11, don haka kowace shekara Sallah tana matsowa baya. A 2025 an yi Ƙaramar Sallah a ƙarshen Maris, Babba a farkon Yuni. Nan da shekaru masu zuwa Babbar Sallah za ta riƙa faɗowa cikin Mayu, daga nan Afrilu, wato tsakiyar bazara, lokacin da harawa ta fi tsada. A daidai lokacin ne mai doki ke son dokinsa ya yi sheƙi, a lokacin ne kuma masu kiwon ragunan layya ke wawar dusa da kowa da harawa. Kasuwa biyu a kan kaya ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ya tashi neman kaya a watan Afrilu sai dai ya saya a hannun irinka.

Sai dai ajiyar harawa ba ta son ganganci, kuma a nan ni ma na taɓa ƙonewa. Wata shekara na haɗa kuɗi da wani muka sayi harawar wake mota guda, muka jibge ta a wani kango a kan ƙasa. Da muka zo kwasa bayan wata uku, damman sama lafiya lau, kore shar. Muna isa na ƙasa sai muka tarar gara ta gina gida a ciki, kana ɗaga dami yana zubewa kamar toka. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Don haka kafin ka sayi dami ko ɗaya, nemi wurin ajiya mai rufi, ka jera duwatsu ko bulo, ka shimfiɗa katako a kai, ka bar tazara tsakanin kaya da bango don iska ta ratsa. In za ka saya, cusa hannu cikin tsakiyar damin. In ka ji ɗumi ko danshi, ko ka shinshina ka ji warin fumfuna, bar shi komai arharsa, don irin wannan harawa tana sa doki tari da ciwon ciki, kuma doki ɗaya ya mutu a kan kayanka, sunanka ya ɓaci a duk bargar unguwar. A rage yawan juya ta, ganyen ne kuɗin, in ya kaɗe saura kara. Wuta kuwa, kada ko mai shayi ya kafa tebur kusa da wurin.

Kada ka zuba duka. Kamar rabin kuɗin ya isa a shekarar farko, har ka gane yawan abin da za ka iya sayarwa kafin ruwa ya sauka, domin da zarar sabuwar ciyawa ta fito farashi zai karye.

Batun magani kuma, akwai riba a ciki, amma ba ta hanyar da aka nuna maka ba. Kada ka cika shago da kwalabe ka zama likitan dole. Bari in ba ka misalai daga kayan da ke yawo a kasuwa. Maganin kaska mai sinadarin amitraz, da ake wanke shanu da shi, guba ne ga doki, yana tsayar masa da hanji. Maganin ƙuma da kaska na karnuka mai permethrin yana iya kashe kyanwa. Na ukun ya fi shafarka: wasu nau'o'in abincin kaji ana sa musu monensin, wanda kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki. Tunda kana sayar da abincin kaji, daga yau ka ware mudu da buhunan dusar dawaki daban, kada a riƙa auna wannan da kwanon wancan.

Abin da zai yi maka amfani shi ne ka nemi likitan dabbobi mai rajista ku yi yarjejeniya. Ya riƙa zuwa shagonka rana ɗaya a mako, ko ku zaga barga-barga tare. Shi ke dubawa, shi ke allura, shi ke faɗin abin da za a ba dabba. Kai kuma kana kawo masa mutane, kana sayar da abin da ya rubuta, mai lambar NAFDAC da kwanan wata mai rai. Ka tambaye shi takardun izinin da ake buƙata kafin ka ajiye magani a shago. Sai ka buɗe littafi, kowane doki da shafinsa: sunan mai shi, lambar waya, ranar da aka ba shi maganin tsutsa, ranar da aka gyara kofato. Littafin nan shi ne jarinka na gaske, don da shi za ka riƙa kiran mutum kafin matsala ta zo. Gab da damina ka tuna masa kaska da ƙuda, da ƙananan ƙwarin nan masu cizo da magariba, waɗanda ke yaɗa cutar dawaki ta Afirka mai kisa cikin 'yan kwanaki, da kuma gyaran daɓen barga, don tsayuwa cikin caɓi tana ruɓar da kofato. Da hunturu ƙura ce, a yayyafa wa harawa ruwa kafin a zuba. Da bazara ruwan sha ne, dokin da bai sha ya ƙoshi ba ga busasshen abinci, ciwon ciki na nan tafe. Mai doki da ka kira shi sau biyu a kan irin wannan, ba zai tsallake shagonka ya je wani wuri sayen dusa ba.

Masu karnuka ma kada ka raina su. Allurar riga-kafin haukar kare ake yi duk shekara, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin ta. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuna iya sa ranar allura ta unguwa a makon. Amma ruwan allurar sai an ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8. In ba ka da firji mai sola, bar likita ya zo da nasa a kula.

Abu na ƙarshe da zai iya cinye ka shi ne bashi. Ka san yadda ake yi: ɗan barga ya zo da baro ya ce, "Maigida ya ce a ba da dami biyar da buhun dusa, zai aiko." Maigidan kuwa babban mutum ne, kana jin nauyin tambayarsa. Tun farko ka je ka gaishe shi, ku yanke abin da dokinsa ke ci a wata, ya riƙa biya a farkon wata, kai kuma kana aika kaya duk mako, ka ɗan sassauta masa farashi saboda ya biya tun kafin. Wanda ya ƙi wannan tsari, ya saya hannu da hannu.

In kuma har yanzu zuciyarka na wajen doki, na gane, Bakano ne kai. Bari sai ka sayar da harawar bana, ka cire uwar kuɗi ka mayar, sannan ka duba ribar. In ta isa, ka sayi guda ɗaya na hawanka, bayan Sallah lokacin da masu gajiya da ciyarwa ke saki. Ka tafi da likitan nan ya duba haƙoransa da ƙafafunsa, a zagaya da shi a gabanka a kan ƙasa mai tauri kafin ka ƙirga kuɗi.