Wayewa, birni da kufai: wa ya riga wa a duniya?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wata ɗaliba mai karatun tarihi a Damagaram. Ta ce: "Malam, Allah ya ƙara basira. Mun yi musu a aji kan wace wayewa ce ta fi daɗewa cikin waɗanda har yau suke raye. Wasu suka ce Masar, wasu Sin, wasu Indiya. Da na zo rubutawa da Hausa sai na ji kalmar 'wayewa' ba ta zauna mini ba. Ita ce daidai?"

Malama, kunnenki bai yaudare ki ba, kuma musun naku ba zai ƙare ba sai an fara sasantawa a kan kalmar.

Tushen wayewa shi ne aikatau "waye", wanda muke ji a "gari ya waye". Duhu ya janye, ido ya fara bambance mutum da kututture. Daga nan Bahaushe ya ɗauko ta ya ɗora wa kai: kansa ya waye, a wayar masa da kai, wayayye ne. Ma'aunin Hausa ke nan, haske da ganewa. Ba a ambaci gini ko sarauta ko rubutu a ciki ba.

Larabawa ta wata ƙofar suka shigo. "Tamaddun" daga madina take, wato birni. "Hadara" kuma zaman gari ne, kishiyar yawon makiyaya a sahara, kuma a kan wannan bambanci Ibn Khaldun ya gina nazarinsa na al'umma a shekarar 1377. Kalmar Turawa ma, "civilisation", daga Latin ta fito, daga sunan ɗan gari mai 'yanci. Sinawa su ne suka zo kusa da mu. Suna cewa "wenming": "wen" rubutu ko zane, "ming" haske. Sun haɗa hasken Bahaushe da alƙalami.

Ga inda kalmarmu take tuntuɓe. Wayewa sunan aiki ce, hali ne da ake shiga, ba abin ƙirgawa ba ne. Ba ta da jam'i. Ba za ki ce "wayewa uku sun tashi a bakin koguna" ba tare da jin ɗaci a harshe ba. Shi ya sa marubutanmu suke kewayawa, wani ya ce daula, wani ya ce al'umma, wani ya ce ci gaba. Daula mulki ce, tana faɗuwa mutanenta su ci gaba da noma da aure da yarensu. Ci gaba kuma yana nuna ana tafiya gaba kullum, alhali tarihi cike yake da koma baya. Ni dai a rubutu nakan ce "wayewar Misirawa", "wayewar Sinawa", in jingina ta ga masu ita. Aibinta na biyu ya fi wannan nauyi: wanda ka ce bai waye ba, ka ce yana cikin duhu ke nan. A bakin matasan yau ma ta zama sunan iya sa kaya da iya latsa waya, har a kira tsohon da ya san sunan kowace bishiya a dajinsu da maganin da take yi baƙauye.

Mu ma muna da namu ma'aunin birnin. Birni a asali gari ne mai ganuwa, kishiyarsa ƙauye, daga nan aka sami ƙauyanci da ɗan birni. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya kawo hujja a 1960 cewa kalmomin birni da kasuwa da rubutu da karatu ta hanyar Barebari suka shigo Hausa. Duba waɗannan huɗun da kyau. Kusan su ne ginshiƙan alamomi goma da masanin tona kayan tarihi Gordon Childe ya jera a 1950 don gane wayewa: babban gari, rarar abinci, masu sana'a da ba sa noma, ciniki mai nisa, manyan gine-gine, rubutu. Sai dai jerin yana zubar da mutane. Inka na Kudancin Amurka sun shimfiɗa hanyoyi a kan duwatsu, sun mulki miliyoyi, lissafinsu da igiyoyi masu ƙulle-ƙulle suke yi. Mutanen Nok na kudancin Kaduna sun narka ƙarfe sun gasa mutum-mutumin yumɓu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ba su bar harafi ɗaya ba.

Yanzu ga rabin tambayarki na biyu, "waɗanda suke raye". Hausa tana da kalmomin da za su taimaka. Kufai shi ne gurbin garin da aka tashi, sai tsofaffin kukoki da fasassun tukwane. Kango gini ne da rufinsa ya tafi, bango yana tsaye. Gidan gado kuwa daban ne. Gidan da aka haife ni na ƙasa ne, kowace shekara bayan damina sai an kwaɓa ƙasa da ciyawa an yi yaɓe, azarar zaure an sauya ta sau biyu a sanina, ɗakin kakata an rushe an tayar. Da wuya a sami tubali ɗaya na wanda ya kafa gidan, amma ba ranar da aka wayi gari ba a hura wuta a cikinsa ba, kuma kowa a unguwa da sunansa yake kiransa. Wannan shi nake nufi da rai.

In ana maganar riga, Sumer ta kudancin Iraƙi ce a gaba. A birnin Uruk an fara rubutu a kan laka wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa. Minti 60 da ke agogonki daga lissafin mutanen wannan yanki ya gangaro. Amma yarensu ya mutu, bai bar ɗa ba bai bar jika ba. Sumer kufai ce.

Masar ta haɗe ƙarƙashin sarki ɗaya wajen 3100 kafin haihuwar Annabi Isa. Dalar Fir'aunoni na nan, kogin Nilu na nan, jikokin manoman na nan. Rubutun zanen Fir'aunoni na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi a tsibirin Philae a 394 Miladiyya, daga nan aka manta yadda ake karanta shi har 1822, lokacin da Champollion ɗan Faransa ya kwance shi. Abin da ya taimake shi shi ne harshen Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, ragowar tsohon yaren, wanda yau a coci kawai ake jin sa. Masar ta Fir'auna ta fi kama da kangon da jikoki suka gina sabon gida a jikinsa.

Sin, wadda Bahaushe yake misalin nisa da ita ya ce "ko a birnin Sin ne", hujjarta ƙashi ce. A 1899 wani malami ya lura da zane a jikin tsofaffin ƙasusuwan da ake niƙawa a yi magani. Aka bi sawunsu har Anyang, inda sarakunan Shang suka zauna. Allon kafaɗar sa ne da ɓawon kunkuru. Boka yakan ƙwaƙule ɗan rami a baya, ya ɗora wuta, ƙashin ya tsage, ya duba tsagar ya faɗi amsa, a kuma karce tambayar a gefe: za a yi ruwa, gero zai yi kyau, ciwon haƙorin sarki wane kaka ne ya aiko shi? Wannan wajen 1200 kafin haihuwar Annabi Isa. Alamar rana da wata da dutse da mutum a kan ƙashin su ne kakannin waɗanda yaro yake koya yau a makarantar Beijing. Sinawa sukan ce shekara 5,000, amma abin da rubutu ya shaida bai wuce 3,200 da ɗoriya ba, kuma talakan Sin ba zai ɗauki ƙashin ya karanta kai tsaye ba. An yi yaɓe da yawa. Wutar ce ba ta mutu ba.

Indiya tana da da'awa mai ƙarfi ta wata fuskar. Biranen kogin Indus, irin su Mohenjo-daro, sun bunƙasa wajen 2600 kafin haihuwar Annabi Isa, amma har yau ba a karanta rubutunsu ba. Waƙoƙin ibada na Rigveda kuwa, 1,028, sun kai shekara 3,000 ana miƙa su daga bakin malami zuwa kunnen almajiri. Wanda ya san hadda da tilawa ba zai raina wannan ba. Girkawa ma suna da rubutaccen yarensu tun wajen 1400 kafin haihuwar Annabi Isa, sai dai sun rasa wancan rubutu suka ari wani daga baya.

To in kika ajiye birni da alƙalami kika koma ga ma'anar Hausa zalla, wato sanin duniyar da kake ciki da iya zama da ita, 'yan asalin Ostireliya sun shafe aƙalla shekara 50,000 a ƙasarsu, suna riƙe hanyoyin ruwa da dokokin aure a cikin waƙa. A jarrabawa ki rubuta Sin, ki ce da ma'aunin rubutun da bai yanke ba. Ki faɗi ma'aunin, don shi ne yake zaɓar gwani.

Wani tela daga Zangon Kumasi kuma ya tambaya ko "kan mage ya waye" yabo ne. Malam, ba yabo ba ne, gargaɗi ne ga mai niyyar cuta. Ana faɗinsa in an gane dabarar da aka saba yaudarar mutane da ita, kamar ɗan siyasar da ya dawo da atamfa da sabulu bayan shekara huɗu ba a gan shi ba. Wayewar da ke cikinsa ta wanda ya sha wuya ce, ba ta da alaƙa da boko ko zaman birni.