Amsar Kawu kan yaron da ya dawo daga Kudus

Ɗana, saƙonka ya iso, gaisuwarka kuma ta kai ga kowa. Ka ce abokin karatunka Bayahude a Mancesta ya yi shekara guda a Birnin Kudus, ya dawo yana ce maka shi yanzu baƙo yake jin kansa a gidan ubansa, har sun yi sa-in-sa da mahaifiyarsa kan shayi mai madara bayan cin nama. Kana tambaya ko al'adarsu ce yaro ya dawo yana gyara wa iyaye addini.

Tafiyar dai al'ada ce. A gidajensu masu riƙon addini a Ingila da Amurka, yaro in ya gama sakandare, yana da shekara 18 ko kusa, sai a tura shi Isra'ila, makarantar addini da suke kira yeshiba, 'yan mata kuma da tasu daban. Abin ya fara yaɗuwa bayan yaƙin Isra'ila da Larabawa na 1967, kafin ƙarshen shekarun 1980 ya zama ruwan dare, har Jami'ar Yeshiva ta New York tana lissafa wannan shekarar cikin digiri.

A can, wuni ake yi kan Talmud, babban kundin fiƙihunsu. Bibbiyu suke zama, kowa da abokin musunsa, ɗaki ya kaure da hayaniya. Ibada sau uku kullum cikin jama'a. Juma'a da yamma a busa jiniya a Kudus don shigar Asabar, ranar hutunsu ta addini, kantuna su rufe, unguwannin masu addini su yi tsit har Asabar da dare. Sai ga shi ya dawo Prestwich da ke yankin Mancesta, inda bas ke wucewa ranar Asabar kamar kowace rana. Idin Ƙetarewa ma, ɗaya daga manyan bukukuwansu, kwana 7 ake yi a Isra'ila, a waje kuwa 8. Dole ya ji ƙafarsa ba ta zauna ba.

Batun shayin ne na fi so ka gane. Ba sa haɗa nama da madara, tukwane da cokula ma daban-daban. In an ci nama sai a jira kafin a taɓa madara. Galibi awa 6 ake jira, kuma shi aka fi koyarwa a makarantun can. Amma Yahudawan asalin Jamus awa 3 suka gada, gidaje da yawa a Ingila haka suke yi, na Holan ma awa ɗaya tak. Malamansu kuwa suna ɗaukar al'adar gidan uba abu ne mai nauyi da ɗa zai bi. Girmama uwa da uba kuma yana cikin dokoki goma na Attaura. Saboda haka in ya ga dama ya jira awa 6, ruwansa. Amma ya nuna wa wadda ta haife shi cewa madafarta ba ta isa ba, wannan ba addininsu ya sa shi ba, ɗanyen kai ne da zafin sabon karatu. Mu ma mun sha gani, yaro ya dawo daga Madina ya tsare ubansa da gardamar ƙabalu da sadalu.

Akwai abin da al'adarsu ta tanada wa wanda ya ƙetare teku ya dawo lafiya. Yakan tsaya a majami'a gaban maza goma, lokacin karatun Attaura, ya yi addu'ar godiya, jama'a su amsa masa. An fi so a yi kafin kwana uku su wuce.

Uwar tasa kuwa, ina jin ba shayin ne ke hana ta barci ba. Yaran nan wasu kan nemi komawa shekara ta biyu, wasu su tare can gaba ɗaya, tunda dokar Isra'ila ta 1950 ta ba kowane Bayahude damar zama ɗan ƙasa. Mai yiwuwa rabuwa take hangowa.

Kai dai kada ka shiga tsakaninsu. In ya zo ɗakinka kada ka ɓata kuɗi kan nama, yankanmu bai wadatar masa ba. Ayaba da shayi a kofin takarda sun isa. Kada ka buga masa waya daga yammacin Juma'a har Asabar da dare, ba zai ɗauka ba. In ya tashi maganar gida ka saurara, kada ka zuga shi. Gwaggonka tana tambaya ko yajin da aka aiko ya isa hannunka.