Amsa: Cocoa House na Ibadan da masu haya a cikinsa

Malam, ka tambaya ko da kuɗin fetur aka gina Cocoa House, kuma su wane ne ke zaune a ciki. A'a, ba kuɗin fetur ba ne, gumin manoman koko ne na tsohuwar Jihar Yamma, tare da kuɗin katako da roba. An kammala shi a 1965 a unguwar Dugbe, hawa 26, tsayinsa mita 105, kuma a lokacin babu ginin da ya kai shi tsawo a Najeriya. Yanzu mallakar kamfanin Odu'a Investment ne, wanda jihohin Yarbawa suka kafa a 1976. Hedikwatarsa na can benayen sama, akwai gidan tarihin Odu'a a hawa na 24, sauran ofisoshin kuma kamfanoni ne ke haya.

Amma in tarihin masu hayar kake bi, ka raba shi gida biyu. Gobara ta cinye ginin a watan Janairun 1985, ba a sake buɗe shi ba sai 1992, saboda haka waɗanda ke ciki yau ba lallai su san na farko ba. Na ga haka a tsofaffin gine-gine da dama: sabon ɗan haya bai san wanda ya gada ba. Ka nemi Wemabod, reshen Odu'a mai kula da gidaje, sannan ka zauna da tsofaffin 'yan kasuwar Dugbe, domin su ne suka ga ginin kafin gobarar.