Amsar saƙonka kan ɓeraye da tsagewar leɓe

Salam ƙanena, ya Legas, ya su Hajiya? Na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai. Ka ce maƙwabciyarku a Agege ta haifi yaro da tsagaggen leɓe, matan gida sun sa ta a gaba wai ita ta jawo don tana yawan fita da magariba, shi ne kake so in ka gama bautar ƙasa ka taho nan Kanada mastas ka gano ƙwayar gadon da ke kawo abun, kuma wai da gaske ɓeraye nake kiwo.

Da gaske ne wallahi, amma kar ka faɗa wa Hajiya. Bakwai na safe ina ɗakin ɓeraye da hula da safar hannu ina ɗaga wutsiyar matan ɗaya bayan ɗaya in ga wacce namiji ya bi cikin dare, in rubuta a kati, don daga ranar lissafi yake farawa. Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne kacal, leɓen sama yana haɗewa wajen kwana na 11 lokacin ɗan tayin bai kai ƙwayar wake ba, ganda kuma wato rufin baki sai wajen kwana na 15. A mutum leɓe yana haɗewa tun sati na 6 zuwa 7, wata ma lokacin ba ta tabbatar tana da ciki ba.

To amma don Allah kar ka rubuta wa wani farfesa cewa ƙwayar gado guda ɗaya za ka zo nema, nan take zai gane ba ka yi karatu ba. Akwai zuri'ar ɓera da ake kira A/WySn, an daɗe ana haɗa wa da ƙanwa har gadonsu ya zama kusan iri ɗaya sak, haka kawai suke haifo masu tsagaggen leɓe, amma ka buɗe ciki ɗaya ka samu 'ya'ya takwas, biyu da tsaga shida lafiya lau. Juriloff da Harris na jami'ar British Columbia sun yi shekaru a kai, suka gano matsalar tana jikin ƙwayar Wnt9b, wata ƙwayar daban tana taya ta, sannan ita kanta uwar da ta ɗauki cikin tana ƙara yawan abun ko ta rage shi.

Wannan na uwa shi ya fi ɗaure min kai da na fara. Tun 1951 masu bincike Fraser da Fainstat a Montreal suka nuna in aka yi wa ɓera mai ciki allurar kotizon, wani maganin kumburi, 'ya'yan suna zuwa da tsagaggiyar ganda, a zuri'ar A/J kusan duka, a zuri'ar C57BL kaɗan. Sai wani mai bincike Kalter ya haɗa zuri'o'in biyu aure, ya yi wa uwayen allurar, uwa A/J uba C57BL aka samu tsagar a sama da kashi 40 cikin 100 na 'ya'yan, da ya juya uwa ta zama C57BL abun ya faɗo wajen kashi 4. Ka ga dai iyayen nan su ne, maganin shi ne, mahaifar da aka kwanta a ciki ce ta bambanta.

Kar kuma ka kai wa matan gidanku wannan su ce ai dama mun faɗa. Tasirin jikin uwa daban, laifin uwa daban, ɓeran nan ba ita ta zaɓi zuri'arta ba, kuma rabin gadon yaro na uba ne. Abubuwan da aka san suna ƙara haɗari a mutane su ne shan taba, ciwon suga da wasu magungunan farfaɗiya, su ma ba a ajiye su sai da likita. Magariba ba ta ciki. A duniya kusan haihuwa 1 cikin 700 haka take zuwa.

Maganar tahowa kuwa, abun da kake hange yana bayan gidanku. LUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Legas, tana nan Idi-Araba, ana ɗinkin leɓe a can, kuma Farfesa Azeez Butali na jami'ar Iowa da ya yi suna a binciken gadon wannan lalura a Afirka, a jami'ar Legas ya yi karatun haƙori. Ka je ka roƙi su bar ka kana taya su ko da cike fom ne da yi wa iyaye tafinta da Hausa, wata shida na wannan ya fi doguwar wasiƙa nauyi wajen neman gurbi. Kuma ka nemi farfesan da zai biya ka daga kuɗin bincikensa, kar a sayar da fili saboda kai, haya a nan ba wasa ba ce.

Yaron fa yana iya kama nono? In madara tana fitowa ta hanci ko ba ya ƙiba kar su zauna jira, su kai shi asibiti satin nan, ɗinkin leɓe ana yi ne daga wata 3 zuwa 6 kuma ƙungiyar agaji ta Smile Train tana ɗaukar nauyinsa kyauta a asibitocin da take aiki da su. Turo min sakamakonka na jami'a ta WhatsApp in duba ran Asabar.