Tambaya da Amsa: Me Manyan 'Yan Kasuwa Ke Gani Tun Kafin Kowa Ya Gani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Janareta da kayan gyaransa nake sayarwa a Sabon Garin Kano. Tun da aka cire tallafin mai ciniki ya ja baya, maƙwabcina kuwa da ya fara kawo sola tun kafin nan, yanzu ko zama ba ya samu. Irin waɗannan mutane sa'a ce kawai, ko akwai abin da suke hangowa?
Wani mai karatu, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Arziki na Allah ne, wannan ba gardama. Amma cire tallafin nan bai zo a ɓoye ba. Kasafin kuɗin 2023 na wata shida kawai ya ware wa tallafin mai kuɗi, kuma manyan 'yan takarar shugaban ƙasa uku duk sun faɗa a yaƙin neman zaɓe cewa za su cire shi. Da Shugaba Tinubu ya furta a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki. Dukanmu mun ji labarin a rediyo. Maƙwabcinka ne ya zauna ya yi lissafi: in fetur ya ninka, mai aski da mai cajin waya me za su kunna?

Ni kullum Alhassan Dantata nake kawowa misali. Falken goro ne a Gwanja, cikin ƙasar Ghana ta yanzu. Lokacin da sauran fatake ke bin hanyar ƙasa da jakuna, wata da watanni, shi ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa zuwa Legas. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suka sa rai za su kwasa zuwa masaƙun Ingila. Manoma kuwa gyaɗa suka zaɓa, don masana'antun sabulu da man girki na Turai suna biyanta da daraja, in kuma kasuwa ta faɗi ana iya cinye ta a gida. Fataken goro irin su Dantata suna da jari, suna da yara a ƙauyuka, sun san manomi da sunansa. Sai suka juya wannan tsari kan gyaɗa, har aka kai ga dalar gyaɗar da ake ba mu labari. Abin lura, bai jira ya ga dala ba kafin ya shiga. Hanyar sufuri ya gani ta canza, ya san farashi zai biyo ta.

To kai fa? Ajiye ɗan littafi a shago, ka riƙa rubuta duk abin da mai saye ya tambaya ka ce babu. In abu ɗaya ya maimaitu sau da yawa a wata, kasuwa ce ke yi maka magana. Ka riƙa hira da direbobin tirela da masu fito da kaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas, domin su ke fara sanin abin da ke shigowa. Labarin kasafin kuɗi kuma, duk da gundurarsa, kada ka kashe rediyo in an zo kansa.

Ban ce ka watsar da janareta ba, har yanzu ana saye. Ware ɗan abin da in ya salwanta ba za ka rasa barci ba, ka gwada batir da faifan sola kaɗan. Yaranka masu gyara kuwa, tura ɗaya ya koyi haɗa inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke aiki da ita, tunda gidajen da suke shiga gyaran janareta su ne za su nemi sola.